Neman Hasken Gamma a Inda Nutirino Ya Fito

 

  

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda masana ke neman hasken gamma a wuraren da nutirino ke fitowa daga can nesa da duniyarmu. Na san waɗannan sunaye baƙi ne a kunnen wasunmu. Kada kowa ya damu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so mu fahimta kafin mu tashi shi ne wannan: lissafi ya ce duk inda aka haifi nutirino mai ƙarfi, to an haifi hasken gamma tare da shi, saboda haka masana suka sa ran ganin su tare. Da aka duba, wani lokaci an gan su tare, sau da yawa kuma ba a gani ba. Wannan rashin gani, da yake an auna shi da kyau, ya koya mana abin da gani kaɗai ba zai koyar ba. Zan kawo bayanin a matakai takwas.

Na farko: tambayar da ta haura shekara ɗari

A shekarar 1912 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Victor Hess ya shiga kwandon balan-balan, ya tashi sama fiye da mita 5,000, yana riƙe da na'urar da ke auna yadda iska ke ɗaukar cajin lantarki. A wancan zamani ana ɗauka cewa duwatsun ƙasa ne ke haddasa wannan caji, don haka idan aka yi nisa da ƙasa ya kamata ya ragu. Hess kuwa sai ya ga yana ƙaruwa. Ke nan akwai wani abu da ke zubowa daga sama. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1936.

Yau mun san cewa ƙwayoyi ne ƙanana, waɗanda ake kira ƙwayoyin kosmik, kuma yawancinsu furoton ne, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidirojin. Wasunsu suna isowa da ƙarfin da ya ninka sau miliyoyi abin da babbar na'urar CERN da ke kusa da Janiba ke iya ba furoton. To wace ma'aikata ce a sama take yi musu wannan harbi? A ina take?

Wani zai ce, ai da sauƙi, a duba inda suka fito. A nan ne matsalar take. Furoton yana ɗauke da caji, kuma duk abin da ke da caji, ƙarfin maganaɗisu yana karkatar da shi. Sararin da ke tsakanin taurari cike yake da irin wannan ƙarfi. Kafin furoton ya iso gare mu ya sha kwana ba adadi, har ta kai wanda ya taso daga gabas yana iya faɗo mana ta yamma. Dole ne a nemi wani ɗan saƙo wanda ba shi da caji, wanda ke miƙe hanya tun daga inda ya taso.

Na biyu: tagwayen da ake haifa a wuri ɗaya

'Yan saƙo biyu ne suka cika wannan sharaɗi.

Ɗaya shi ne hasken gamma. Haske ne kamar wanda ido ke gani, sai dai kowace ƙwayarsa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na hasken rana sau miliyoyi, wani lokaci sau biliyoyi ko tiriliyoyi. Ɗayan kuma nutirino, ƙwayar da ba ta da caji, nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba. Wolfgang Pauli ne ya fara hasashen samuwarsa a 1930, ba a kuwa kama shi a na'ura ba sai 1956, a hannun Frederick Reines da Clyde Cowan a Amurka. Yanzu haka da muke zaune, nutirino tiriliyoyi daga rana suna ratsa jikin kowannenmu a duk daƙiƙa, ba mu ji ba, ba mu gani ba.

Me ya haɗa waɗannan biyu? Idan furoton mai tsananin gudu ya yi karo da iskar gas ko da ƙwayar haske a kusa da inda aka harba shi, karon yakan haifar da wasu ƙwayoyi masu gajeren rai da ake kira fayon. Fayon mai caji yana tarwatsewa ya ba da nutirino. Fayon marar caji yana tarwatsewa ya ba da ƙwayar hasken gamma guda biyu. Ku ɗauke su tamkar Hassan da Husaini: ciki ɗaya, rana ɗaya, amma hali daban. Ɗaya, wato nutirino, ba ya tsayawa gaisawa da kowa, yana ratsa ƙura da gas da taurari har ya iso. Ɗayan kuwa ana iya tare shi a hanya, ko ma tun a ƙofar gida.

Kowannensu yana da abin da ya rasa. Hasken gamma yana zuwa da yawa, kuma ana iya nuna inda ya fito daidai gwargwado, amma ganinsa kaɗai ba ya tabbatar da cewa akwai furoton a wurin, domin ilektaron ma yana iya samar da shi idan ya bangaji ƙwayar haske mai rauni ya ƙara mata ƙarfi. Nutirino mai babban ƙarfi kuwa shaida ne tabbatacce cewa an harba furoton ko makamancinsa, amma ɗaiɗai ake kama shi, kuma alkiblarsa ba ta fita sarai. Shi ya sa ake son haɗa su: nutirino ya tabbatar da aikin, hasken gamma ya faɗi sunan wurin.

An taɓa ɗanɗana irin wannan haɗi. A ranar 23 ga Fabrairu 1987, na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kama nutirino ashirin da 'yan kai daga wani tauraro da ya fashe a wani ƙaramin galaksi maƙwabcinmu, sa'o'i kaɗan kafin a ga haskensa. Amma waɗancan masu ƙaramin ƙarfi ne. Masu babban ƙarfi, waɗanda za su kai mu ga tushen ƙwayoyin kosmik, sai da aka ƙara jira fiye da shekara ashirin da biyar.

Na uku: yadda ake kama abin da ke ratsa komai

Tunda nutirino ba ya cika taɓa komai, dabarar ita ce a shimfiɗa masa tarko mai girman gaske, a jira wanda tsautsayi zai sa ya bugi tsakiyar wata zarra. Wannan tarko shi ne IceCube, a ƙuryar kudancin duniya, a nahiyar Antatika, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Wisconsin da ke Madison da masanin nan Francis Halzen. An haƙa ramuka 86 a cikin ƙanƙara da ruwan zafi, aka zura igiyoyi ɗauke da idanun lantarki 5,160, daga zurfin mita 1,450 zuwa mita 2,450. Gaba ɗaya sun kewaye ƙanƙarar da ta kai kilomita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi. An kammala aikin a Disamba 2010.

Idan nutirino ya bugi zarra a cikin ƙanƙarar ko a kusa da ita, yakan haifar da ƙwaya mai caji. A cikin ƙanƙara haske yana rage gudu, sai wannan ƙwaya ta fi shi sauri, ta bar wani shuɗin haske a bayanta, wanda ake kira hasken Cherenkov. Idanun nan su ne ke ganinsa, su rubuta lokacin da ya iso kowannensu. Idan ƙwayar da aka haifa irin wadda ake kira muwon ce, takan ja dogon layi, a gane alkiblarta da kuskuren da bai kai digiri ɗaya ba. Idan wata iri ce, hasken yakan fashe kamar ƙwallo, kuskuren ya kai digiri goma ko fiye.

Ina roƙon ku riƙe wannan batu na digiri, domin a kansa wahalar take. Faɗin wata idan ya cika rabin digiri ne. Fili mai faɗin digiri ɗaya a sama yana ɗauke da dubban galaksi. Wanne ne a cikinsu ya aiko da saƙon?

Akwai wata wahalar kuma. Ƙwayoyin kosmik da ke dukan iskar duniyarmu su ma suna haifar da nutirino, dubun-dubata a shekara a cikin wannan na'ura. Waɗanda suka fito daga nesa 'yan kaɗan ne a cikinsu, kuma da yawan ƙarfinsu ake zarginsu. A 2013 ne IceCube ta ba da sanarwar nutirino 28 masu babban ƙarfi, waɗanda yawansu ya wuce abin da iskar duniya za ta iya bayarwa. An tabbatar da cewa suna zuwa. Daga ina? Sun warwatsu ko'ina a sama, babu wanda ya nuna gidansu.

Na huɗu: masu jiran ƙararrawa

Daga 2016 IceCube ta fara aika faɗakarwa nan take. Kwamfutocin da ke Antatika suna tace bayanai dare da rana, da zarar sun ga dogon layi mai babban ƙarfi sai su aika alkiblarsa ta tauraron ɗan'adam, saƙon ya bazu ga masu duban sama a duk duniya. Dalilin gaggawar shi ne, abubuwan da ake zargi ba sa zama a hali ɗaya. Wani yakan yi walƙiya na daƙiƙoƙi, wani na kwanaki, wani na watanni.

Masu amsa wannan kira iri biyu ne. Akwai na sama, babbansu tauraron ɗan'adam mai suna Fermi, wanda hukumar NASA ta harba a watan Yuni 2008. Shi yana share sama gaba ɗaya a kai a kai, saboda haka duk inda aka nuna, yana da tarihin wurin na shekaru. Akwai kuma na ƙasa. Hasken gamma ba ya isowa ƙasa, amma idan mai tsananin ƙarfi ya bugi iska a can sama, yakan haifar da yayyafin ƙwayoyi da ke fitar da shuɗin haske na ɗan ƙanƙanin lokaci, manyan madubai su kama shi. Irin waɗannan su ne MAGIC a tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya, da VERITAS a jihar Arizona ta Amurka, da H.E.S.S., wadda aka sa wa suna don tunawa da Victor Hess, a tsaunukan Khomas na ƙasar Namibiya. Sun fi Fermi gani a ɓangaren ƙarfi mafi girma, amma ɗan fili kaɗan suke kallo a lokaci guda, kuma sai da dare, sai sama ta yi garau, farin wata ma yana rage musu gani.

Na biyar: daren 22 ga Satumba 2017

Ranar Juma'a ce. Da ƙarfe 9:54 na dare agogon Najeriya da Nijar, wani muwon ya ja layi a cikin ƙanƙarar Antatika. Bayan daƙiƙa 43 faɗakarwa ta fita. An ƙiyasta ƙarfin nutirinon da ya haife shi da TeV 290, wato ilektaron-bolt tiriliyan 290, fiye da ninki arba'in na abin da na'urar CERN ke ba furoton a lokacin. Duk da haka, masu IceCube sun faɗi gaskiya tun farko: yiwuwar cewa daga nesa ya fito kashi 56 ne cikin 100, sauran kuma yana iya zama na iskar duniya.

H.E.S.S. ta juya wurin bayan 'yan sa'o'i, ba ta ga komai ba. VERITAS ta biyo baya, ita ma shiru. Sai ranar 28 ga Satumba, masu aiki da Fermi, bisa jagorancin Yasuyuki Tanaka na Jami'ar Hiroshima, suka sanar da cewa a cikin filin da aka nuna akwai wani sanannen tushen hasken gamma mai suna TXS 0506+056, kuma ya shafe watanni yana haskawa fiye da yadda ya saba. Tazararsa da tsakiyar alkiblar nutirinon kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri ce. A farkon Oktoba MAGIC ta ba da labarin cewa ta kama hasken gamma daga gare shi da ya kai ilektaron-bolt biliyan 400. Kusan cibiyoyi ashirin ne suka shiga aikin, daga masu sauraren igiyar rediyo zuwa masu duban hasken X.

Mene ne wannan TXS? Bilaza ce. A tsakiyar wani galaksi mai nisa akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi masu yawa, yana haɗiye gas, yana kuma feso wani siririn tsiri na ƙwayoyi da gudun da ya kusa na haske. Idan wannan tsiri ya fuskanto mu kai tsaye, shi ake kira bilaza. Ba a san nisanta ba a lokacin, sai da aka auna da babban madubin Gran Telescopio Canarias, aka samu cewa haskenta ya yi tafiyar kusan shekara biliyan huɗu kafin ya iso. Ga mai sha'awar sanin wurin: tana cikin rukunin taurarin Oriyon, wanda Larabawa ke kira Jauza'u, kusa da tauraron Bellatrix. A dararen hunturu, bayan Kaza da 'Ya'yanta sun wuce, wannan wuri yana bi kusan ta saman kanmu a ƙasar Hausa, ko da yake ido ba ya iya ganin bilazar ita kanta.

An buga sakamakon a mujallar Science a watan Yuli 2018. Amma shin an gama magana? Tambayar da masu binciken suka yi wa kansu ita ce: sama cike take da bilaza dubbai, an kuma aika faɗakarwa da dama kafin wannan, to sau nawa dace kawai zai sa nutirino ya faɗo kusa da wata mai walƙiya? Lissafi ya ba su abin da ake kira sigma 3, wato kusan sau ɗaya cikin dubu. A wannan fanni ba a cewa an gano abu sai an kai sigma 5, kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi. Saboda haka suka kira shi alama mai ƙarfi, suka tsaya a nan. Ɗalibai, ku lura da wannan ɗabi'a. Fiye da mutum dubu ne suka sa hannu a takardar, duniya tana jiran su ce sun warware tambayar Hess, amma ba su faɗi abin da ya wuce hujjarsu ba.

Na shida: ranar da tagwayen suka rabu

Da aka samu sunan wuri, sai masu IceCube suka koma cikin tsofaffin bayanansu na shekara tara da rabi, suka duba wannan alkibla kaɗai. Suka tarar cewa tsakanin Satumba 2014 da Maris 2015 an samu ƙarin nutirino kusan 13 daga wurin, fiye da abin da iskar duniya za ta bayar, a matakin sigma 3.5. Abin farin ciki ne, domin shaida ce ta biyu mai zaman kanta. Sai aka buɗe kundin Fermi na waɗancan watanni. Me aka gani? Bilazar tana zaune lafiya, babu wata walƙiyar gamma.

Ku duba lamarin da kyau. A 2017, hasken gamma mai yawa da nutirino ɗaya. A 2014 zuwa 2015, nutirino da yawa, hasken gamma kuma bai motsa ba. Bugu da ƙari, yawancin masu lissafin da suka gwada fassara walƙiyar 2017 sun samu cewa mafi yawan hasken gammar da aka gani daga ilektaron ya fito, domin da furoton ne ya samar da shi duka, da hasken X ya fi abin da aka auna yawa.

Shaida mafi ƙarfi ta zo a Nuwamba 2022. IceCube ta sanar da kusan nutirino 79 daga wani galaksi mai suna NGC 1068, wanda ake kira Messier 77, mai nisan kusan shekarar haske miliyan 47, a matakin sigma 4.2. Wannan ba bilaza ba ce, kuma tsakiyarta a lulluɓe take da ƙura da gas. MAGIC ta riga ta shafe sa'o'i masu yawa tana kallon wurin ba ta kama komai ba, ta kafa iyaka: idan ma akwai hasken gamma mai wannan ƙarfi, bai wuce kaza ba. Da aka gwada, sai nutirinon ya ninka wannan iyaka aƙalla sau goma.

Ina hasken gamma ya tafi? Ga fassarar da ta fi karɓuwa. Domin furoton ya haifar da nutirino da yawa, yana bukatar abin da zai yi karo da shi da yawa, wato wuri mai cunkoson haske ko gas. Amma wannan cunkoso shi ne kuma ke cinye hasken gamma, domin idan ƙwayar gamma ta haɗu da wata ƙwayar haske, sukan rikiɗe su zama ilektaron da kishiyarsa. A kusa da baƙin ramin NGC 1068 akwai yanki mai tsananin zafi da ke fitar da hasken X, kuma lissafi ya nuna cewa hasken gamma mai babban ƙarfi ba zai iya fita daga irin wannan wuri ba. Ke nan abin da ke sa wuri ya yi arzikin nutirino, shi ne ke iya sa ya yi duhu a gamma.

Wannan shi ne zuciyar laccar. Da MAGIC ba ta duba ba, da ba mu san komai ba game da inda nutirinon ke fitowa a cikin galaksin. Da ta duba ba ta gani ba, ta kuma rubuta iyakar ganinta, sai muka gane cewa ana haifar su ne dab da baƙin ramin, a wurin da babu madubin da ke iya leƙawa.

Na bakwai: sauran wuraren da aka duba

Shekaru da dama manyan waɗanda ake zargi su ne fashe-fashen gamma, wato walƙiyar da ke tashi na daƙiƙoƙi idan babban tauraro ya rushe ko taurari biyu masu tsananin nauyi suka haɗe. An gwada lokaci da alkiblar fiye da dubu daga cikinsu da bayanan IceCube, ba a samu haɗi ba, har aka kai ga cewa abin da suke bayarwa a lokacin walƙiyar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nutirinon da ake gani ba. A ranar 9 ga Oktoba 2022 aka ga mafi haske da aka taɓa gani, har cibiyar LHAASO da ke tsaunukan Sichuan a ƙasar Sin ta kama hasken gamma da ya haura TeV 10 daga gare shi. IceCube ta duba, babu nutirino.

Haka aka tara ɗaruruwan bilaza da Fermi ya lissafa aka gwada su a dunƙule, aka samu cewa gudummawarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ke nan mafi yawan nutirinon suna fitowa ne daga wuraren da ba su ne suka fi haske a gamma ba.

A wuri ɗaya dai alkawarin ya cika yadda aka zata. A watan Yuni 2023 IceCube ta nuna nutirino daga galaksinmu, daga wannan farar hanya da ke ratsa sama a daren da babu wata, a matakin sigma 4.5. Taswirar hasken gamma ta Fermi tana cikin abubuwan da suka nuna musu inda za su duba. A nan gida, inda tafiyar ba ta da nisa kuma gas ɗin ba shi da kauri, duka biyun suna isowa.

Sai kuma na ƙarshe. A ranar 13 ga Fabrairu 2023, na'urar KM3NeT da ake ginawa a ƙarƙashin tekun Bahar Rum, kusa da tsibirin Sisili, a zurfin kusan mita 3,450, ta kama nutirinon da aka ƙiyasta ƙarfinsa da TeV 220,000, mafi ƙarfi da aka taɓa gani. An buga labarin a mujallar Nature a Fabrairu 2025. An tarar da bilaza da dama a filin da ya nuna, amma ba a iya ɗora alhakin a kan ko ɗaya ba.

Na takwas: abin da ke gaba, da rabonmu a ciki

Gyaran da ake bukata a fili yake. Ana son nutirino da yawa da alkibla mai kyau, shi ya sa ake ci gaba da gina KM3NeT, da wata a tafkin Baikal na Rasha, ana kuma shirin faɗaɗa IceCube ta ninka girmanta kusan sau takwas. Ana son idanun gamma masu kaifi da saurin juyawa, shi ya sa ake gina cibiyar CTAO a La Palma da kuma hamadar Atacama ta ƙasar Chile. Darasin NGC 1068 ya ƙara wani abu: hasken gammar da aka cinye ba ya ɓacewa, yana sake fitowa da ƙaramin ƙarfi, don haka dole a nemi sawunsa a hasken X da kuma a gamma mai rauni.

To mu fa? Nahiyarmu tana cikin wannan aiki. H.E.S.S. tana kan ƙasar Namibiya tun 2002, jami'o'in Namibiya da Afirka ta Kudu suna cikinta, masana daga Maroko da Afirka ta Kudu kuma suna cikin KM3NeT. Sannan bayanan Fermi a buɗe suke ga kowa a intanet kyauta, IceCube ma ta saki bayananta na shekara goma. Tambayoyin da na kawo muku yau, irin su ko wannan haɗuwa dace ce ko gaskiya, tambayoyi ne na lissafi da ƙididdiga. Ɗalibin da ya ƙware a waɗannan biyu, ya iya rubuta manhaja, ya samu kwamfuta da malami mai bibiyarsa, zai iya sa hannu a wannan bincike daga inda yake. Ina kira ga iyayenmu malamai da su buɗe wa ɗalibai wannan ƙofa, su kuma koya musu cewa wanda ya duba da kyau bai gani ba, ya rubuta iyakar ganinsa da gaskiya, ya yi aikin da wani zai ɗora a kai. Har yau ba a san tushen mafi yawan nutirinon da ke zuwa daga nesa ba, kuma tambayar 1912 tana nan tana jiran masu amsa ta.

A nan zan dakata.  Duk wanda yake da tambaya, ko ƙarin bayani, ko wani wuri da yake so a sake warwarewa, bismillah, fili nasa ne. Ina fata ɗalibai su fara, kuma kada wanda ya raina tambayarsa.